Ka Je Gubuchi Kafin Ka Sa Kaki

Makarfi,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Ya tsare gabanka da bayanka a tafiyar da ka sa gaba, mu kuma da za ka bari Ya ba mu juriya, amin.

Na san sai ka yi dariya in innarka ta miƙo maka ita. Tsakanin ɗakina da naka tsakar gida ce kawai da igiyar shanya, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa sai ka ce kana Legas. Yi dariyarka ka more, sannan ka karanta. Kai ɗan fari ne, ni ma ɗan fari ne, ka san yadda abin yake. Tun da aka haife ka ban taɓa zama da kai mun yi hirar da ta kai a shanye kofin shayi ba. Sunanka na yanka kuwa bai taɓa fita daga bakina ba, ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka. In ina gabanka bakina nauyi yake yi. Biro ne kaɗai ba ya jin kunyarka, shi ya sa na ɗauko shi.

Mako mai zuwa za ka tafi horon soja. Ba don in hana ka na rubuto ba, kai ka nema, kuma sunanka ya fito. Ga kwali nan na littattafan yaƙi na ɗaure maka, zan gaya maka waɗanda za ka fara da su. Amma babbar buƙatata ɗaya ce: kafin ka tafi, ka je Gubuchi ka zauna da kakanka, Baba Soja, ka sa shi ya ba ka labarin yaƙin da ya yi. Ka dai ga yadda ya koma tun damina. Ƙafafu sun kumbura, Juma'a ma ya daina zuwa, murya ta yi ƙasa. Na ji an ce ba a barin kurtu ya shiga da kaya barkatai. To, in sun hana ka littattafan ka bar su, suna nan za su jira ka. Shi ne ban san ko zai jira ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi na kai waɗannan shekaru ban san labarin ubana ba.

Yana bakin daga aka haife ni, lokacin yaƙin basasa. Ko da ya dawo har na fara gudu. An ce da na gan shi cikin kaki sai na tsandara ihu na shige bayan kakata, ita kuwa daga nan ta riƙe ni, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ya ajiye aikin soja, ya koma gonar rake da dafa mazarƙwaila. Gida ɗaya muke, amma in ya shigo soro ni na fita, in na shigo shi ya kau da kai. In yana son aike na, sai ya ce wa iska, "A ce wa yaron nan ya kai wa doki ruwa." Ina tsaye a wurin, sai in ɗauki bokiti in tafi. Mutanen gari suna ta yabona, wai ɗan Soja akwai kunya. Na sha wannan yabo har na ƙoshi, kuma a lokacin ban ga aibinsa ba.

Amma fa ina da ido. Ban taɓa ganin ya yanka ko kaza ba. Ragon layyarsa maƙwabci yake kira ya yanka masa, shi ya juya baya yana kabbara. Ranar da mafarauta za su buga bindigar toka a gari, tun da safe zai saɓa fartanya ya nufi fadama, ko da babu abin yi a can. Kuma duk shekara, in an sauke dahuwar farko, sai ya ɗaure mazarƙwaila a bayan keke ya kai wani gida a Ikara, gidan da ba danginmu ba ne, ba surukanmu ba. In ya dawo sai ya wuni bai ce uffan ba. Bai daina ba sai da tsohuwar gidan ta rasu. Duk ina gani, tambaya tana cina, amma wa zai yi tambayar? Ni?

Da na tafi makarantar horon malamai a Zariya, sai na gano masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Nan na faɗa. Duk littafin da na ga soja a bangonsa sai na kwaso shi. Na haddace sunayen garuruwan da aka gwabza, na san wace runduna ta bi ta ina, na iya zana taswirar yaƙin a allo ba tare da na duba takarda ba. 'Yan ajinmu har Janar suke ce mini, ni da ko tsuntsu ban taɓa harba da danƙo ba. Ubana nake nema a cikin takardun nan, alhali yana Gubuchi yana saran rake.

Sau ɗaya Allah Ya buɗe mini ƙofa. Na fara koyarwa ke nan, na je gida hutu lokacin matsar rake. Bayan la'asar ne, masu aiki sun tafi cin abinci, an tsayar da dokin da ke juya inji yana hutawa, aka bar mu mu biyu a bakin murhu. Ruwan rake yana tafasa a daro, Baba yana tura busasshen ɓawo a wuta, ni ina kwashe kumfa da ludayi. Can, bai dube ni ba, wutar yake kallo, sai na ji ya ce, "Malam." Ranar ya fara kirana haka. Ya ce, "Akwai wani yaro ɗan Ikara, mota ɗaya ta kwashe mu. Su ma gidansu rake suke yi. Ranar da muka isa bakin wani kogi..."

Abba, sai na ji kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Ubana yana yi mini hira, ni da shi, babu kowa a tsakani! Gumi ya keto mini. Na ce, "Baba, bari in duba dokin nan, kamar bai sha ruwa ba." Na ajiye ludayi na tafi. Dokin ya riga ya sha ruwansa, lafiyarsa ƙalau. Na tsaya ina shafa masa wuya. Ko da na koma masu aiki sun dawo, Baba yana zuba mazarƙwaila a tasoshi, yana faɗa wai an bar wuta ta yi yawa. Bai sake ɗauko mini maganar ba har yau.

Ba rashin ladabi na yi ba. Duk wanda ka ba labarin nan a Gubuchi cewa zai yi abin da ɗan kirki zai yi ke nan, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Mutum ya yi shekaru yana tattara ƙarfin buɗe baki, ya zaɓe ni, ni kuma na tafi gaida doki. Saboda haka ka ji ni da kyau. Kunya abu ce mai kyau, kada ka yar da ita a bariki. Amma in babba ya fara ba ka labarin abin da ya yi masa ciwo, ka zauna. Ko gumi zai jiƙa maka riga, ka zauna, ba sai ka ce komai ba. Za ka haɗu da tsofaffin sojoji a can, masu faɗa da tsawa. Wata rana ɗayansu zai sassauta murya ya fara da "akwai wani yaro". Kada ka tuna da wani aiki a lokacin.

Ban tsaya nan ba. Wata shekara hedimastanmu ya ce in samo tsohon soja ya zo ya yi wa ɗalibai bayanin yaƙin. Ka san abin da na yi? Na hau babur har Kudan na ɗauko uban wani. Ya zo da lambobinsa a ƙirji, ya yi jawabi, aka tafa masa. Labari ya kai Gubuchi kafin sati ya zagayo. Goggonka Hajara, ƙanwata, ita ta gaya mini abin da Baba ya ce da ya ji. Cewa ya yi, "An ce Malam ya kai soja makaranta. Madalla." Ni a ganina na raga masa ne, kada in sa shi magana a gabana. Ban yi tunanin zai ɗauka ban ga ya isa ba. In kana ganin ka kyauta wa mutum da shirunka, ka bincika tukuna, wataƙila shi wani abu daban ya ji.

Sai kuma kai. Da ka iya karatu na rasa yadda zan yi in matso kusa da kai, sai na bi hanyar da na sani. Ka tuna littafin nan mai hotunan tankoki da jiragen yaƙi da ka tsinta a kan tabarmarka kana firamare? To, ba aljani ne ya ajiye ba. Washegari na gan ka da karan dawa a kafaɗa kana yi wa ƙannenka fareti, kaji suna watsewa. Daɗi ya kama ni. Daga nan duk wanda ka gama sai ka tarar da wani, kuma kullum masu daɗin nake zaɓo maka, na jarumai da manyan hafsoshi da dabarun da aka ci gari da su. Waɗanda suka hana ni barci kuwa na tura su ƙasan akwati, wai kai yaro ne. Ka girma, ban fito da su ba. Rabin labari na ba ka, rabin mai zaƙi.

Ranar da innarka ta ce mini, "Malam, yaron nan fa soja yake so, ya ma cike takarda a waya," na ce, "Allah Ya sa albarka," na ci gaba da alwala. Ita ta isar maka. Abin da ban ce ba shi ne gabana ya faɗi, kuma har yanzu faɗuwa yake yi. Ina jin tsoro, Abba. Ina alfahari da kai, ina kuma jin tsoro, ban san wanne ya fi yawa ba.

To, ga rabin da na ɓoye, yana cikin kwalin.

Wanda ke sama, siririn nan da gara ta ci gefensa, wani ƙaramin soja ne ya rubuta, wanda ko igiya ɗaya ta muƙami bai samu ba. Da shi za ka fara. Turancinsa duk a karye, da ɗalibina ne da jan biro ya ƙare a kansa. Amma shi ya gaya mini abin da soja yake tunani in yana cikin rami: ƙafarsa da ta ruɓe a takalmi, da yunwa, da ƙwarƙwata, da ko an yi ruwa a garinsu. Sai ka yi ta buɗe shafi babu harbi ko ɗaya, jira ne kawai. Ina saurayi na ce littafin ba shi da armashi, na jefar. Sai da na fara furfura na koma masa.

Mai kaurin nan mai baƙin bango na wani babban hafsa ne. Ka karanta shi, akwai ilimi a ciki, za ka san yadda na sama suke kallon yaƙi, kuma su ne za su riƙa ba ka umarni. Sai dai ka lura, duk inda aka yi nasara dabararsa ce, duk inda aka sha kashi wani ne bai ji magana ba. In ka zo inda ya ce an yi asarar mutane kaɗan, ka ɗan ajiye littafin. Kaɗan ɗin nan, kowannensu akwai ƙofar gidan da aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa, wataƙila a Kudan, wataƙila a Ikara.

Akwai wanda na yi wa bango da takardar siminti. Wata mata ce ta rubuta, daga ɗaya ɓangaren, tana yarinya yaƙin ya ci garinsu. Na daɗe da shi ban buɗe ba, ina cewa me zan ji daga bakin waɗanda suka yaƙi ubana. Da na karanta sai na tarar da yarinya goye da ƙaninta, tana yawo a daji tana neman abin da za ta sa masa a baki. Na daɗe tuwo bai yi mini daɗi ba. Wannan shi na fi so ka karanta kafin a danƙa maka bindiga. Duk garin da za a tura ka akwai irinta a bayan ƙofa, ka tuna da ita ranar da ka ji kowa ya zama abokin gaba a idonka.

Sauran ka bi su yadda ka ga dama. Akwai na mutanen ƙasar nan da Turawa suka kwasa zuwa Burma tun zamanin kakannina. Akwai na wani likita a kan sojojin da suka dawo gida jikinsu lafiya amma barci ya ƙaurace musu. Da na karanta wannan da wuri, da na gane dalilin tafiya fadama ranar bindigar toka, da ban bi sahun masu cewa Baba ya cika son gona ba. Mai hotunan nan ma na sa maka, ka gani ka yi dariya. Kada dai ka ba kowa aro, littafi in ya fita aro ba ya gane hanyar gida, na gwada na gani.

Amma duk kwalin nan babu wanda ya san sunan yaron nan ɗan Ikara.

Kada ka ce me ya hana ni zuwa yanzu in yi tambayar da kaina. Na gwada. Goggonka, da yake ita ke jinyarsa, ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, tsohon nan fa kwanan nan ya fara maganar yaƙi shi kaɗai. Jiya ina ba shi kunu yake cewa wai kogin ya fi fadamarmu faɗi. Ni ban san kan zancen ba, ka zo ka ji." Na hau babur na tafi, a hanya ina ta shirya tambayoyi kamar mai zuwa jarrabawa. Ina yin sallama ya yi shiru, ya gyara hula. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya makaranta?"

"Lafiya lau."

"Ya mutan gidan?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla."

Muka sake zagayowa, muka taɓa damina da rake da tsadar taki. Sai gaisuwa ta ƙare. Ni ina kallon tabarma, shi yana kallon rufin ɗaki. Can ya ce, "Hajara, a ba Malam ruwa, rana za ta yi masa a hanya." Na sha ruwan na taho. Ga ni da furfura, na kusa ritaya, na kasa. Shi ma na ga alamar yana so, ya kasa. Mu biyun mun makara.

Kai kuwa ba haka kuke da shi ba. Kai jika ne, kuma takwara. Abin da in ni na faɗa za a ce na yi fitsara, kai in ka faɗa dariya za a yi. Na sha jin ka in mun je gaisuwar Salla kana ce masa, "Tsoho, anya ka je yaƙin nan kuwa? Ko dai girki ka yi musu?" Shi kuma yana kai maka sanda yana cewa, "Ja'iri, da a zamaninmu ne ko buta ba za a ba ka ka riƙe ba." Al'adar da ta ɗaure mini baki ita ta kwance naka. A da har kishi nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu kuwa gode wa Allah nake yi da Ya sa haka.

Ka je da hantsi, bayan ya sha kunu, lokacin hankalinsa ya fi zama wuri ɗaya. Ka fara da tsokanar da kuka saba. Ka gaya masa da bakinka cewa kaki za ka sa, don har yanzu ba wanda ya iya gaya masa. Kada ka tambaye shi ko ya kashe mutum, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Tambaye shi me suke ci, wa yake yi musu aski, yaya suke salla, wa ya fi kowa barkwanci a cikinsu. In hira ta yi daɗi sai ka ce, "Tsoho, wane ne yaron nan ɗan Ikara?" Zai gane a inda ka ji, ka bar shi ya gane. In ya rikita sunan gari, ko ya sa na gaba a baya, kada ka gyara masa da abin da ka karanta. In ya yi shiru ka jira. In ya yi hawaye kada ka yi saurin ba shi haƙuri, ka bar shi ya yi. Kuma kada ka soka masa waya a baki wai kana ɗaukar murya, zai koma yi maka jawabi irin na rediyo.

Saura abu guda, shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ni zan kai ka a babur. In mun isa ka shiga kai kaɗai, kada ka ce tare muke. Akwai dakali a bayan ɗakinsa, ƙarƙashin 'yar tagar nan, inda goggonka take shanya kuɓewa. Nan zan zauna. Na riga na gaya mata, ta ce za ta kwashe kuɓewar, ta kori yara. Tun da muryarsa ba ta fita sosai, ka riƙa yi kamar ba ka ji ba, ka ce, "Tsoho, ɗaga murya mana, ko yunwa kake ji?" Zai zage ka, kuma zai ɗaga. In ya zo kan sunan yaron, ka maimaita shi da ƙarfi. Ko ka ji motsi kada ka leƙo ta tagar. In muka haɗa ido tashi zan yi, na san halina.

In mun hau babur za mu dawo, ba sai ka ce mini komai ba, ni ma ba zan ce ba. In ka amince, ka gaya wa innarka ranar, ita za ta gaya mini. Ka dai zaɓi rana ta kusa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai na gari. Ka riƙe salla ko a cikin rami ne. Allah Ya tsare ka daga harsashi, Ya tsare hannunka daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka da barcinka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini shirun da na yi maka. Shi kuma Baba, Allah Ya ara mana shi har mu je.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.